Naman ɗan rago daga gonar Malam: ya ci kuɗinsa, amma da sauran gyara

Mai sayen nama a Kaduna ba ta san dabbar da take ci ba. Ta san mahaucinta, ta san teburinsa, ta san ranar da yake yi mata gyara. Amma shekarun dabbar, abin da ta ci, garin da aka ɗauko ta, ko an yi mata allura a satin da aka yanka ta, duk wannan ba ya cikin ciniki. Sau da yawa shi kansa mahaucin bai sani ba, domin a Zango ya saya a hannun dillali, dillalin kuma a hannun wanda ya sauke mota. Akwai wata gona bayan Rigachikun, idan an saki titin Zariya an ɗan shiga ciki, wadda ta ɗauki wannan sanin ta mai da shi hajarta. Mu masu saye gonar Malam muke ce mata, don mai ita tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Sana'ata girkin suna da walima ce, daga gidana a Unguwar Dosa nake yi, kuma na jima ina karɓar nama a wurinsu, na gida da na aiki. Abin da zan faɗa a tukunya na gan shi.

Ba su da shago, ba su da tebur a kasuwa. Akwai zaure a WhatsApp wanda 'yar Malam take kula da shi. Ranar Laraba takan saka hoton ragunan da za a yanka, kowanne da lambar kunnensa da watanninsa da nauyinsa, tare da farashin wannan satin. Kowa ya faɗi abin da yake so, guda ko rabi ko rubu'i, ya tura kuɗi. Alhamis da dare a rufe. Juma'a da asuba a yanka, Asabar a kawo. Idan mutum biyu sun nemi rabi-rabi, sai a haɗa su a rago ɗaya. Idan huɗu ne, a raba huɗu. Watanda ce dai irin wadda iyayenmu suke yi gab da ƙaramar Sallah, sai dai wannan kowane sati ake yin ta, kuma ba sai ka san abokin rabonka ba. Ba a yanka dabbar da ba a riga an sayar ba, shi ya sa ba su da kwantai.

Bari in fara da naman, tunda shi ne dalilin komai. Ragunan da suke yankawa ba su cika shekara ba, yawanci tsakanin wata bakwai zuwa goma. Ba sai an yarda da bakinsu ba, domin kan yana zuwa tare da naman wanda ya sayi guda, kuma baki ba ya ɓoye shekaru. Ɗan rago yana da ƙananan haƙoran nono guda takwas a ƙasa, jere, farare. Sai ya haura shekara, wajen wata goma sha biyu zuwa sha takwas, sannan biyun tsakiya su faɗi, manya masu faɗi su fito. Duk kan da aka taɓa kawo min na buɗe bakinsa na duba, ban taɓa ganin manyan haƙora ba. Wanda ya sayi rubu'i ma yana da abin dubawa: ƙashin haƙarƙarin yaro siriri ne, da ɗan ja a jikinsa, tsokar kuma jan nata mai haske ne, kitsen fari tas, ba rawaya-rawayan nan na tsohuwar tunkiya ba.

A tukunya bambancin ya fi fitowa. Naman da na saba barinsa a wuta har in gama jajjage in wanke shinkafa in dawo yana nan da tauri, wannan kafin albasa ta narke ya fara sakin ƙashi. Ga mai girkin gida wannan sauƙin gas ne. Ga irina mai ɗora tukunya lamba talatin, kuɗi ne tsaba, domin itace da gawayi yanzu ba abin wasa ba ne. Kuma ba shi da ƙarnin nan da ke sa wasu mata su ce su ba sa cin rago sai na Layya. Akwai wata baiwar Allah da na yi wa abincin suna a Malali, surukarta ta aiko a tambaye ni ko naman ɗan maraƙi na sa a farfesu. Haƙarƙarinsa idan aka shafa masa citta da masoro da tafarnuwa aka gasa a wuta marar ƙarfi, ba ya neman wani yaji mai yawa. Cinya kuwa ita nake ware wa dambun nama idan an ba ni aikin gara, ko da yake a nan zan faɗi gaskiya: dambun babban rago ko na sa ya fi auki, don na yaro yana da ruwa a jiki, idan ya soyu sai ya koma kaɗan. Mai son dambu ko kilishi kada ta ɓata kuɗinta a nan. Haka mai son romo mai nauyi irin na miyar kuka wanda ɓargo ya ratsa, ƙashin yaro ba zai ba ta wannan ba. Kowane nama da inda ya dace.

'Yankasa Malam yake kiwo, fararen nan masu baƙi a zagayen ido da kunne da baki, waɗanda duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san su a tsakar gida. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi Balami, manyan nan masu gantsararren hanci da ake kawowa daga wajen Barno, ko Uda masu rabi baƙi rabi fari, tunda su ke da kwarjini a kasuwa. Ya ce, "Hajiya, Balami na mai son a gani ne, kuma daminar Kaduna ba ta yi masa daɗi. 'Yankasa a nan aka haife shi, ya san ruwanmu, ya san kaskarmu, uwarsa ba ta yi min wahalar haihuwa." Ya ce asalin ragunan da yake barbara da su daga wajen Shika ya samo su, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma an daɗe ana aikin inganta 'Yankasa a can. Na yarda da hujjarsa. Mai sayar da nama da kilo ba ruwansa da ƙaho ko tsayi, abin da ya dame shi shi ne dabbar da za ta rayu ta yi nama da abincin da ke kusa. Abincin kuwa na gan shi da idona a rumbu: harawar wake da ta gyaɗa, kowar wake, dusar masara, da ɗan ƙulin auduga, ga kanwa. Masarar da waken a gonar ake noma su, dabbobin su ci ƙaiƙayi da harawa, takinsu ya koma gona.

Abin da ya fi jawo musu gardama da masu saye shi ne kwanan da naman yake yi. Mu Hausawa mun saba da nama mai ɗumi, wanda aka yanka da safe ya shiga tukunya da rana, kuma duk naman da ya kwana muna yi masa kallon zargi. Da dalilinmu, domin naman da ya kwana a tebur ko a firjin da ba wuta ba abin yarda ba ne. Amma a gonar Malam da gangan ake rataye shi a ɗakin sanyi daga safiyar Juma'a zuwa ta Asabar kafin a sassara. Bayanin da ya yi min shi ne, bayan yanka da 'yan awoyi tsoka takan sandare, idan aka dafa ta ko aka daskarar da ita a wannan hali tauri za ta yi, sai ta huce a sanyi sannan ta saki. Na gwada da kaina, na karɓi wanda aka yanka a ranar na dafa, na kuma dafa wanda ya kwana, daga garke ɗaya. Wanda ya kwana ya fi laushi, kuma da na zuba shi a mai bai tsatso ruwa ya cika min kasko ba. Har yanzu akwai dattawan da suka ce su dai a ba su nasu da ɗuminsa, kuma ana ba su idan za su je gonar su karɓa. Ni dai na koma bayan mai kwana. Ɗakin sanyin da sola yake aiki, ba a jingina shi da wutar gari ba, wannan kuwa shi ne ya sa na amince.

Sannan dabbar ba ta sha wahalar hanya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kawo ko Mando ya ga tirela ta wuce da dabbobi a cushe, rana na dukansu, ya san halin da suke isowa. Dabbar da ta galabaita kafin yanka namanta yakan yi duhu, ya bushe, kuma ba ya jimawa. A gonar, daga turke zuwa wurin yanka taku kaɗan ne. Na halarci yankan. Siminti ne mai gangara da magudana, ga ruwan rijiyar burtsatse, ana janye wanda za a yanka daga idon 'yan uwansa, wuƙa a wase tun kafin a kawo shi, mai yankan ya fuskantar da shi alƙibla ya ambaci sunan Allah. Ba a fiɗa a ƙasa, a rataye ake yi. Malam da kansa yake duba hanta da huhu, idan ya ga tsutsar hanta ko wani ƙulli sai ya cire a binne, a gaya wa mai rabon cewa hantarsa ba ta zo ba, a rage masa kuɗi. An taɓa yi min haka, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Na fi son a ce min babu da a yanke wurin da ya lalace a miƙo min sauran.

Akwai wani littafi a gonar da nake ganin ya fi ɗakin sanyin ma daraja. Kowace dabba da shafinta: ranar haihuwa, ranar rigakafin PPR, annobar nan ta tumaki da awaki, ranar maganin tsutsa, da duk allurar da aka yi mata. Mutane da yawa ba su san cewa allurar da ake yi wa dabba tana da kwanakin da dole a jira kafin a ci namanta ba. Irin doguwar allurar nan ta oksitetrasaikilin da masu kiwo ke yawan yi, a jikin kwalbar an rubuta a jira sati uku zuwa huɗu. To wa yake jira? Abin da aka saba, da dabba ta fara sanyin jiki a danna mata allura, idan ba ta miƙe ba a garzaya da ita kasuwa kafin ta faɗi. Ba mugunta ba ce, talaka ne yake ceton dukiyarsa. Amma ragowar maganin a cikinmu da cikin 'ya'yanmu yake ƙarewa, kuma likitoci sun daɗe suna kokawa cewa irin wannan na cikin abin da ke sa magani ya daina yi wa mutane aiki. A watan Yulin 2023, da aka tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gona a Suleja, kowa ya tsorata da nama na 'yan makonni, har ganda aka ce a ƙaurace wa, daga baya aka manta. Ni ban manta ba, domin abincin da nake dafawa mai jego ce take ci, da tsofaffi, da yara. Idan na ce wa 'yar Malam ta turo min shafin rago mai lamba kaza, takan ɗauki hotonsa ta turo. Ban san wani wuri a garin nan da zan nemi haka a ba ni ba tare da an yi min kallon mai neman rigima ba.

Sai kuɗi. Kada wanda ya ji an ce daga gona kai tsaye ya ɗauka araha zai samu. Kilonsu ya ɗara na kasuwa, a lissafina da kamar kashi ɗaya cikin biyar, wani satin ya fi haka. Da farko abin ya ɗaure min kai, tunda ba la'adar dillali, ba kuɗin mota daga Maigatari ko Anchau, ba harajin hanya. Amma idan aka zauna aka yi lissafi, dalilin a fili yake. Rago idan aka cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ya rage bai kai rabin nauyinsa yana raye ba, kuma wanda aka yanka yana wata takwas bai gama tara naman da zai tara ba. Malam ya sayar da girman da ragon bai yi ba ke nan. Ga sola, ga leda, ga mai kawowa, wanda tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗinsa bai sake sauka ba. A ɗaya gefen kuma, kilonsu kilo ne. Ina da sikeli a kicin, ina aunawa, bai taɓa gazawa ba. Ba a jiƙa naman da ruwa don ya yi nauyi, ba a cusa min jijiya da tarkacen ƙashi a ƙasan leda. Idan na cire abin da nake zubarwa daga naman kasuwa, na cire itacen da na rage, ratar tana matsewa sosai. Ba ta ɓacewa, amma tana matsewa.

Ba ina cewa a bar mahauta ba ne. Ina da mahaucina a Kasuwar Bacci wanda muka shekara da shekaru tare, har gobe shi ke ba ni naman sa, kuma ya sha ba ni bashi ranar da mai aiki bai cika min kuɗi ba, abin da gonar Malam ba ta yi. Fawa sana'a ce mai asali, tana da sarkinta da ladubbanta. Abin da Malam yake sayarwa wani abu ne daban, ga mutanen da suka damu da shi kuma suke da halin biya. Ya san ba zai ciyar da Kaduna ba, bai kuma ce zai yi ba. Garkensa ba shi da girma, akwai satin da ake rufe rajista tun daren Laraba.

Inda na ga tsarin nasu ya fi amfani shi ne Layya da suna. Watanni kafin Babbar Sallah sukan ware manyan raguna waɗanda shekarunsu suka kai na Layya, mutum ya zaɓi nasa da lamba, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ana turo masa hoto. Farashin da nauyi ake yanke shi, a ɗora rago a sikeli a gabanka, ba albarka, ba "Alhaji ƙara wani abu". Wanda ya iya ciniki kuma yake jin daɗin zagaya Zango ana gobe Sallah zai ce an cire wa abin armashi, kuma wani lokacin ma zai fi samun sauƙi a can idan kasuwa ta faɗi a daren ƙarshe. Amma ga matar da mijinta ba ya gari, ko ma'aikacin da ba ya bambance rago mai ƙiba da wanda aka ɗura wa ruwa da gishiri, wannan kwanciyar hankali ce. A 2025, da Nijar ta hana fitar da dabbobi ana saura 'yan makonni Sallah, waɗanda suka riga suka kama nasu a gonar ba a ƙara musu ko sisi a kan abin da aka yi alkawari ba. Wannan na shaida, domin ƙanena yana cikinsu. Ragon suna kuwa sukan kawo shi da rai ranar da aka ce, da mai fiɗa idan ana so.

Sauran kayan gonar ba duka ne suka kai naman ba. Kajin gida suna da kyau, a fige a wanke, da kayan cikinsu a ƙulle daban. Ƙwan zabi sai da damina, kuma na ji daɗi da ba su yi ƙoƙarin kawo shi da rani ba, tunda zabi ba ta yi a lokacin. Man shanu da kindirmo daga matan wata ruga da ke maƙwabtaka da su suke karɓa, sun kuma faɗi haka. Man shanun ba shi da na biyu, an soya shi da albasa, ƙamshinsa kaɗai ya isa a ci tuwo. Kindirmon kuwa yau daidai, gobe ya yi tsami, ya danganta da awoyin da ya yi a hanya. Zumarsu takan daskare da hunturu, wasu a zauren suka yi ta ƙorafin an haɗa da sukari, alhali zuma ta gaskiya ma tana yin haka idan sanyi ya kama ta. Na sa kwalbar a ruwan ɗumi ta narke ta koma yadda take.

Inda ban ji daɗi ba shi ne kayan miya. Daga baya suka fara saka tumatir da tattasai da albasa da citta da acca a jerin Laraba, duk a ƙarƙashin kalma ɗaya, kayan gonarmu. Na je gonar, na san abin da ke cikinta. Ba a noma citta a can. Citta ta Kachia ce da Jaba da Kagarko, kowa ya sani, kuma tun annobar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a daminar 2023 ta zama abin da ake lallaɓawa. Acca ma daga kudancin jihar take zuwa ko daga Filato. Ba laifi ba ne su saro su sayar, kayan ma masu kyau ne. Laifin shi ne a bar mai saye ya ɗauka a nan aka shuka. Na faɗa wa 'yar Malam haka kai tsaye. Ta ce, "Anti, ai duk na manoman jiharmu ne." Na ce mata haka ne, to a rubuta hakan: wannan namu ne, wannan daga Kachia, wannan daga fadamar wane gari. Mutanen da ke biyan ƙarin kuɗi a wurinku saboda an gaya musu gaskiyar rago suke biya, idan suka gano an rufe musu ta tumatir, za su fara tambayar ta ragon ma. Ta gyara na citta da acca, na tumatir har yanzu yana nan yadda yake. Kuma tumatirin bai fi wanda zan tsinta da hannuna a Kasuwar Kawo ba, ga shi ya fi tsada. Ban ƙara saya ba.

Kawowa ita ce babbar matsalarsu. Yaro ɗaya ne da babur da akwatin ƙanƙara. Mu da ke Kawo da Unguwar Dosa da Malali da Unguwar Rimi muna samu kafin hantsi ya yi nisa. Amma wata abokiyar sana'ata da ke Barnawa ta ce nata sai bayan Azahar, ranar da aka yi ruwa ma har La'asar, ƙanƙarar ta narke, jini ya taru a ƙasan leda. Naman bai lalace ba, amma wanda ya biya wannan kuɗin bai kamata ya tsaya yana shinshina leda ba. Duk wahalar da aka sha a ɗakin sanyi a bayan babur take zubewa. Ko su ƙara mai kawowa na biyu don tsallaken kogi, ko su sami gida ɗaya mai firiza a can inda mutanen Barnawa da Narayi da Kakuri za su riƙa karɓa. Kuma waya: idan 'yar Malam tana makaranta ko wani uzuri, babu mai ɗauka. Mai aikin suna da aka gaya wa haihuwa yau, tana buƙatar amsa yau.

Sassarar ma sai an yi magana. Saboda suna da masu saye 'yan ƙasashen waje da masu gidajen abinci, yaran sun koyi yanka irin na Turawa, haƙarƙari sala-sala da inji, kowane da ɗan ƙashinsa. Yana da kyau a ido, ya dace da gashi, amma ba shi ne yankan miya ba, kuma injin yana barin garin ƙashi a jikin nama wanda sai an wanke sosai. Wadda take son yankan farfesu ko na miya ta faɗa tun ranar Laraba, ta ce a sara da hannu a bi gaɓa. Suna yi idan an ce. Kayan ciki kuwa a wanke suke zuwa, tumbi fes, hanji a kitse, wannan aikin na yaba masa ƙwarai, don duk mai girki ta san awoyin da yake ci. Kai da ƙafa ana babbaka su da itace, ba da taya ba. Takardar da suke liƙawa a leda da Turanci kaɗai aka rubuta ta, alhali yawancin masu buɗe ledar a kicin Hausa suke karantawa.

Akwai kuma lokaci. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ragunan ba su cika ƙiba ba, ɗanyar ciyawa ruwa ce, ga tsutsa ga sauro. Naman da ya fi kowanne shi ne na bayan girbi, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, lokacin da harawa ta wadata. Wadda take son gwadawa ta fara a wannan lokacin, ta nemi rubu'in gaba, wato karfata da haƙarƙari da wuya, a nan daɗin yake kuma ya fi na baya sauƙi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mafi ƙarancin abin da za a iya saya rubu'i ne. Rubu'in ɗan rago kilo uku ne zuwa huɗu, kuɗinsa a dunƙule, kuma sai mai firiza da wutar da za ta riƙe shi. Ma'ana matan layinmu da ke sayen nama na miyar yau kaɗai, waɗanda 'ya'yansu su ma suka cancanci naman da aka san asalinsa, ba su da shiga. An kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya a watan Yulin 2024, ana ta maganar zamanantar da kiwo, amma ni a ganina gyaran da zai kai ga tukunyar talaka irin wannan ƙaramin ne: dabba mai littafi, yanka mai tsabta, sanyi, da kashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya ɗauka. Na kai wa Malam maganar. Ya ce ƙulla rabin kilo-rabin kilo da kai shi gida-gida zai cinye ribar, kuma na san gaskiya ya faɗa. Sai na ce to ya bar mana rabon. Yanzu ni da wasu mata a layinmu mukan haɗa kuɗi mu karɓi rabi, a sauke a gidana, in kasa shi a faranti kashi-kashi yadda kowa zai sami tsoka da ƙashi da ɗan hanta, yara su zo su ɗauka kafin Azahar. Malam ya yarda idan ƙungiya irin wannan ta kai rago guda a sati zai cire mata kuɗin kawowa. Mu ba mu kai ba tukuna, muna neman ƙarin gida uku ko huɗu a Unguwar Dosa.